BAYANI: Wa ke yi wa mai dabba jaje? Raɗaɗin rashin dabba a Dandume da hanyoyin rarrashi

A daren Asabar, 19 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka tare ɗaliban wata makarantar Islamiyya ta garin Mahuta, cikin ƙaramar hukumar Dandume, suna hanyar komawa gida daga taron Mauludi. Kafin gari ya waye, jami'an tsaro da mutanen gari sun ƙwato su. Sanarwar da rundunar 'yan sandan jihar Katsina ta fitar ta ce an kuɓutar da mutum 84, ta kuma ƙara da cewa an ƙwato shanu 12 da maharan suka koro daga ƙauyen Danbaure na ƙaramar hukumar Funtua. Hankalin duniya ya tafi kan yaran, kuma haka ya dace. Shanun nan 12 kuwa sun shiga labari ne domin an same su. Waɗanda aka kora aka yi daji da su a wasu dararen, da waɗanda cuta ta kayar a turke, ba su da sanarwa, masu su ma ba su da ita.

Dandume na cikin ƙananan hukumomi takwas na jihar Katsina da aka fara kira na bakin daga a rikicin 'yan bindiga, tare da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗanmusa da Safana da Batsari da Jibiya. A irin wannan wuri, inda ake binne mutane ana kuma tara kuɗin fansa, maganar baƙin cikin rashin dabba tana iya zama kamar wasa a kunnen wasu. Wannan bayani ya ɗauke ta da muhimmanci ne saboda dalili guda: a nan rashin dabba ciwo ne mai fuska biyu, na zuciya da na aljihu, kuma duk rarrashin da ya kula da ɗaya ya bar ɗaya bai kai ga mai ciwon ba.

Wace dabba ake kuka dominta?

A Turai da Amurka, idan aka ce wani ya yi rashin dabba, ana nufin kare ko kyanwa da ake ajiyewa don ɗebe kewa kawai. A ƙasar Funtua da Malumfashi babu katanga tsakanin dabbar da ake so da dabbar da ake ci da guminta. Sau da yawa ita ce ɗaya.

Ɗauki shanun huɗa. Tun ƙarshen shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka fara yaɗa noma da garmar shanu a Arewa, kuma yankin auduga na kudancin Katsina na cikin wuraren da abin ya karɓu. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya ƙara faɗaɗa gonaki da noman masara, aikin bijimai ya ƙaru. Manomi yakan ɗauki makonni yana horar da bijimai biyu har su saba da karkiya, kowanne ya san gefensa, su gane muryarsa, su san lokacin juyawa a ƙarshen kunya. Da su yake huɗa, da su yake jan amalanke ya kai taki gona, ya kwaso amfani, ya yi wa wasu aiki a biya shi. Shi ke ba su dusa da harawa da hannunsa, shi ke cire musu kaska. Idan ɗaya ya faɗi, an rasa aikin biyun, domin haɗa wanda ya rage da baƙon sa sabon horo ne, damina kuma ba ta jira.

A cikin gida, akuya da tunkiya dukiyar mace ce. Ita ce asusun da za ta fasa ranar sayen kayan ɗakin 'yarta ko ranar da yaro ya kwanta asibiti, amma kuma ita ce wadda ta karɓi haihuwarta, ta raini 'ya'yanta da ruwan tsari, ta san kukanta a cikin kukan awaki ashirin. Akwai jakin da ya yi shekaru yana ɗebo wa gida ruwa da itace. Akwai dokin mai sarauta ko na mai sha'awa, wanda hidimarsa ta fi ta wasu mutanen gidan. Akwai karen mafarauci, abokin shiga daji, da karen da ke kwana a bakin garke. Akwai samarin da suka gina akurkin tattabaru a saman soro suka san kowace da kamanninta, da tsohuwar da kyanwarta ke kwana a ƙafarta. Akwai kuma yaron da ya yi watanni yana yi wa ragon layya ciyawa, ranar Sallah ya ɓuya a bayan ɗaki yana hawaye, manya suna yi masa dariya.

Ta'aziyya da jaje

Hausa ta riga ta tanadi kalma. Ta'aziyya ta mutuwar ɗan Adam ce, tana da zamanta da addu'arta da kwanakinta. Jaje kuwa na sauran masifu ne: gobara, sata, haɗari, ambaliya, asarar dukiya. Mutuwar sa ko sace garke jaje ake zuwa, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Wannan tsari ne mai kyau, kuma al'ummomi da dama ba su da kamarsa.

Inda yake gazawa shi ne, jajen dabba ana auna shi ne da farashinta. Wanda ya rasa bijimi zai ga mutane a ƙofar gidansa. Wadda ta rasa akuya ɗaya za ta ji "ayya" daga maƙwabciya. Wanda karensa ya mutu kuwa, idan ya nuna damuwa, sai a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ko a wajen mai bijimin, ana jajanta kuɗin ne, ba a tambayar kewar. Namiji magidanci ba zai iya cewa yana farkawa da asuba ya nufi turke kafin ya tuna babu kowa a wurin ba, domin ya san abin da za a ce.

Wani masanin Amurka mai suna Kenneth Doka ya sanya wa irin wannan hali suna a 1989: baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi izinin nunawa ba. Ya haɗa da rashin da mutane ke ganin bai kai a yi masa kuka ba, kuma rashin dabba na cikin misalan da masana suka fi kawowa. Alamominsa ba su bambanta da na kowane rashi ba: rashin barci, rashin son abinci, saurin fushi, guje wa wurin da dabbar take kwana, da zargin kai. Zargin kai shi ne ya fi cin rai. Da na kira malamin dabbobi tun jiya. Da na sayar da su tun watan da aka fara kai hari ƙauyen gaba. Da ban bar yaro ya kai su kiwo can ba.

Abin da addini ya tanada

Masu cewa damuwa a kan dabba raunin imani ne ba su da hujja mai ƙarfi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas bin Malik cewa yana da ƙaramin ɗan'uwa da ake yi wa alkunya da Abu Umair, wanda ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya tarar da yaron cikin damuwa, ya tambayi dalili, aka gaya masa, sai ya kira shi da alkunyarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin lallashi. Bai tsawata masa ba, bai ce abin bai kai ba. Wani malamin Shafi'iyya na ƙarni na huɗu bayan Hijira, Ibnul Ƙass, ya tsamo fa'idodi kusan sittin daga wannan gajeren hadisi, Ibn Hajar kuma ya kawo su a sharhinsa na Buhari. Ga mai neman yadda ake rarrashin yaron da ya rasa dabbarsa, darasin a fili yake: a ambaci dabbar, a bar shi ya yi magana.

Sauran hadisan da kowane ɗalibin Islamiyya ya sani, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, duk suna tabbatar da cewa ran dabba yana da daraja a wurin Allah. Malamai sun bayyana cewa istirja'i da addu'ar neman musanya da mafi alheri ba su taƙaita ga mutuwar mutum ba, sun shafi kowace musiba, babba ko ƙarama. Iyakar da shari'a ta sanya sananniya ce: babu sallar jana'iza ga dabba, babu zaman makoki, babu kururuwa da yaga tufafi. Hawaye da kewa ba sa cikin abin da aka hana.

Lokacin jinya, da maganar wuƙa

Mafi wuyar lokaci ga mai dabba shi ne kafin mutuwar. Saniya ta ƙi cin abinci, tana nishi, tana tari irin na ciwon huhu, ko ta rame da sammore. Kuɗin magani yana hawa. Maƙwabta sun fara cewa a kira mahauci kafin ta zama mushe. Mai ita yana tsakanin abu biyu: ya yanka ya tsira da rabin kuɗi ya kuma rayu da tunanin ko da ta tashi, ko ya jira ya rasa komai. Duk wanda ya zaɓa, zargin kai na jiransa. Mai son taimaka masa a wannan lokaci ya taimaka da abin da zai sa shawarar ta zama ta ilimi: ya nemo likita ko malamin dabbobi na sashen noma na ƙaramar hukuma, ya kai shi a babur idan ta kama. Ga dabba mai tsada ko cutar da ta gagara, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika da ke kan hanyar Funtua zuwa Zariya. Mutumin da ƙwararre ya gaya wa cewa babu sauran dabara yana samun sauƙin da wanda ya yi ta kintace ba ya samu.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, dabbar da ake ci idan ta yi ciwo har aka fid da rai da ita, yankanta yana halatta ta muddin akwai alamar rai kamar motsi mai ƙarfi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hukuncin dabbar da ba a ci. Muhtasar na Halil da masu sharhinsa sun halatta yanka irin su jaki idan an fid da rai da shi, domin a hutar da shi daga azaba. Wato wanda ya kawo ƙarshen wahalar jakinsa da ya karye ba ya tashi, rahama ya yi masa. Wannan ya fi abin da ake yawan gani, a ja shi bayan gari a bar wa ungulu yana da sauran numfashi.

Halaccin fiƙihu dabam, lafiyar jama'a dabam. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini mai duhu da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ana zargin cutar antiraks, wadda gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023. Irin wannan ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a sayar da fatarta. A sanar da jami'an dabbobi, a ƙona ko a binne da zurfi. Dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan ma namanta na ɗauke da sauran maganin har sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika. Karen da ya sauya hali, yana dalala yana kai cizo, ko na gida ne da aka raina tun yana ɗan kwikwiyo, a nisance shi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare da zarar ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. A nan ne tausayi ke iya kashe mai shi, kuma a nan ne ya fi buƙatar wani na kusa da zai riƙe shi.

Sata ta fi mutuwa ciwo

Dabbar da ta mutu an ga gawarta. Wadda aka sace tana nan da rai a wani wuri, a hannun wanda ya harbi maƙwabcinka. Wata masaniyar Amurka, Pauline Boss, ta kira wannan rashi marar tabbas, ta gina bincikenta a kan iyalan sojojin da suka ɓace a yaƙi: babu gawa, babu ranar da za a ce an gama. Manomin da aka kore wa bijimai yakan yi ta bin kasuwannin kara yana leƙen ƙaho da tabon kunne, ya je duk inda aka ce jami'an tsaro sun ƙwato shanu, ya dawo hannu rabbana. Kowace tafiya tana sabunta mikin.

Akwai kuma waɗanda suka rabu da dabbobinsu da hannunsu don tsoro, domin a wasu ƙauyuka ajiye bijimi ya zama gayyatar hari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari da Sabuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, Dandume na ciki. Manufar ita ce toshe wa ɓarayi hanyar sayar da abin da suka sata. Amma mai bijimi biyu da ke son rabuwa da su kafin a zo masa, shi ma ƙofar ta rufe masa.

Ya kamata masu bin siyasar tsaro su lura da wannan. Baƙin cikin da ba a saurara ba, aka haɗa shi da talauci da rashin shari'a, yakan rikiɗe ya zama ɗaukar fansa. Makiyayin da aka share wa garke da manomin da aka kore wa shanun huɗa duk sun san wannan zafin, kuma daga cikin irinsu ne ɓangarorin rikicin biyu suka sami mabiya. Kukan kurciya jawabi ne.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Birtaniya, ƙungiyar Blue Cross tana da sashen sauraren waɗanda suka yi rashin dabba tun 1994, ta waya, kyauta, masu aikin sa-kai ne ke amsawa. A Amurka, makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta buɗe irin wannan layi a 1989, wasu jami'o'i suka bi sahu. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na 2001, lokacin da ciwon baki da kofato ya sa aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya. An biya manoma diyya, amma binciken da masana na Jami'ar Lankasta suka wallafa a 2005 ya nuna cewa mutanen karkarar da abin ya shafa sun daɗe cikin firgici da ƙunci da rashin yarda da hukuma. Ya kuma nuna cewa sun fi komawa ga 'yan'uwa da maƙwabta da mutanen da suka saba da su fiye da asibiti. Kuɗi kaɗai bai warkar ba.

Aikin mai jaje

Abin da ake buƙata daga maƙwabci ba shi da tsada. Ya je da ƙafarsa. Ya tambayi yadda abin ya faru, ya yi shiru ya saurara, ko da an maimaita masa sau uku. Kada ya ce "ai dabba ce", kada ya ce "ka gode Allah ba ɗanka ba ne", domin mai rashin ya riga ya gode, kuma godiyar ba ta hana kewa. Kada ya fara lissafa abin da ya kamata a yi tun farko. Yaro kuwa a gaya masa gaskiya cewa ta mutu, kada a ce ta tafi kiwo za ta dawo. A bar shi ya ga inda aka binne ta idan yana so, kada kuma a cusa masa wata a washegari kamar an sauya takalmi.

Sai ɓangaren aljihu, wanda kakanninmu suka fi mu fahimta. Fulani suna da haɓɓanaye: a ba wanda ya rasa garke aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Jamhuriyar Nijar sun ari wannan tsari suna yin sa da awaki. Hausawa suna da ba da kiwo, inda mace za ta karɓi akuyar wata ta raina a raba abin da ta haifa, suna da gayya, suna da adashi. Wanda ya ara wa maƙwabcinsa bijimai kwana biyu a farkon damina ya yi jajen da ya fi dogon jawabi.

Idan ƙuncin ya wuce makonni biyu bai sassauta ba, mutum ya daina fita gona, ya daina cin abinci, ya koma shan ƙwaya don ya yi barci, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, to abin ya wuce jaje. A kai shi ga ma'aikacin lafiya, a babban asibitin Funtua ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin feshi daga inda hannunsa zai kai.

Abin da ya rage wa hukuma

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Da wannan lissafi, jiran likitan ƙwaƙwalwa ya iso Mahuta ɓata lokaci ne. Waɗanda ke isa wurin mai rashi su ne malamin dabbobi, da malamin gona, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da limami. Su ya kamata a koya wa gane alamomin ƙunci mai haɗari da inda za a tura mutum.

Diyya kuwa tana da tarihi. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, karo na farko da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, gwamnatin tarayya ta fara biyan naira 250 kan kowace kazar da jami'ai suka kashe, daga baya aka ƙara. An biya ne kan waɗanda hukuma ta kashe, ban da waɗanda cutar ta riga ta kashe, kuma masu manyan gonaki masu takardu su suka fi iya bin layin. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, wadda aka kafa tsarinta a 1987, tana karɓar inshorar dabbobi, sai dai mai bijimi biyu a ƙauye ba kasafai yake jin labarinta ba in ba ta hanyar bashin banki ba. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini akwai takaful, wadda hukumar kula da inshora ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013.

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi, daga baya aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. Gwamnatocin Katsina ma sun sha raba wa mata awaki a matsayin tallafi. Tambayoyin da matasan Dandume za su iya kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarsu na jiha ƙanana ne, kuma suna da amsa a takarda: malaman dabbobi nawa ke karɓar albashi da sunan ƙaramar hukumar, nawa ne ke zuwa aiki, yaushe aka yi riga-kafin ciwon huhu na ƙarshe, a waɗanne mazaɓu, ina rajistar waɗanda aka sace wa dabbobi, wa ke riƙe da ita, shanun da aka ƙwato, ta wace hanya ake tantance masu su, kuma idan rabon awaki ya zo, sunan matar da aka kore wa nata yana gaba da na matar jami'in jam'iyya ko yana baya.